Yadda Ake Raba Jiha Zuwa Mazaɓun Majalisar Tarayya

Tambaya: Me ya sa jihar Kano mai ƙananan hukumomi 44 take da sanatoci uku kacal, daidai da Bayelsa mai ƙananan hukumomi takwas, alhali a Majalisar Wakilai Kano ta fi ta kujeru nesa ba kusa ba? Kuma wa yake shata iyakokin waɗannan mazaɓu?

Amsa: Dalilin shi ne ba a kan ma'auni ɗaya aka gina majalisun biyu ba. Sashe na 48 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowace jiha sanatoci uku, ya ba Abuja ɗaya, wanda ya sa jimillarsu ta zama 109. A nan ba a duba yawan jama'a ko faɗin ƙasa, domin manufar ita ce jihohi su zauna kafaɗa da kafaɗa, kada manya su danne ƙanana. Ita kuwa Majalisar Wakilai, sashe na 49 ya ƙayyade mata kujeru 360 waɗanda ake rabawa gwargwadon yawan mutane, shi ya sa Kano da Legas kowacce take da 24, Kaduna 16, Katsina 15, Bayelsa kuma biyar.

Shata iyakoki aikin Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ne, wato INEC, kamar yadda sashe na 71 ya tanada. Gwamna ko majalisar dokokin jiha ba su da hurumi a ciki. Sashe na 72 ya gindaya mata sharuɗɗa: kada mazaɓa ta tsallaka daga wata jiha zuwa wata, yankunanta su kasance a haɗe da juna, sannan yawan mutanenta ya yi kusa da na takwarorinta iyakar yadda zai yiwu. A aikace, ƙananan hukumomi ake harhaɗawa. A mazaɓun sanata uku na jihar Kano, Kano ta Tsakiya tana da ƙananan hukumomi 15, Kano ta Arewa 13, Kano ta Kudu kuma 16, kuma bambancin bai saɓa wa doka ba, tunda mutane ake ƙirgawa.

A mazaɓun Majalisar Wakilai ne wannan ya fi fitowa fili. Ƙananan hukumomin birni masu cunkoso irin su Dala, Fagge, Gwale da Tarauni kowacce mazaɓa ce mai zaman kanta, amma a karkara galibi sai an haɗa biyu ko uku kafin a sami ɗan majalisa ɗaya, kamar Doguwa da Tudun Wada, ko Rano da Bunkure da Kibiya. Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba dole ne mazaɓar wakilai ta tsaya cikin mazaɓar sanata ɗaya ba: Gezawa da Gabasawa wakilinsu ɗaya, amma Gezawa tana Kano ta Tsakiya, Gabasawa kuma tana Kano ta Arewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsufan taswirar. Rabon da ake amfani da shi yau an yi shi ne a 1996, zamanin mulkin soja, bisa ƙidayar 1991. Sashe na 73 ya ce a riƙa sake duba rabon a tsakanin da bai gaza shekara goma ba, ya kuma ba hukumar damar yin haka bayan kowace ƙidaya, amma ƙidayar 2006 ta zo ta wuce ba a sake rabon ba. Duk wanda ya san yadda unguwanni suka bazu a Ungogo da Kumbotso tun daga wancan lokaci zai gane cewa daidaiton da doka ta nema ya daɗe da karkacewa.

A ganina, babban abin da ya hana gyaran yana cikin sashe na 74, wanda ya ce sabon rabo ba zai fara aiki ba sai majalisun biyu sun amince, kuma sai wa'adin majalisa mai ci ya ƙare. Tunda kujerun 360 ne ba ƙari, duk jihar da aka ƙara wa ɗaya, daga hannun wata aka karɓo, kuma waɗanda za su rasa kujerun nasu suna cikin masu kaɗa ƙuri'ar amincewa.