Amsa ga mai tambaya kan diflomar shari'a da ta laburare

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kin samu gurbi biyu, difloma a fannin shari'a da difloma a fannin laburare, kina son ki san me ake koyarwa a kowanne kafin ki biya kuɗin rajista. Na ga 'yan uwa sun yi ca a kan shari'a, kowa na cewa ki je ki zama lauya. Ni laburare na karanta, shekara 11 ke nan ina riƙe da na wata sakandaren 'yan mata. Ƙanena kuma shari'ar ya yi, a ɗakina yake kwana lokacin jarrabawa.

Maganar lauya ki ajiye ta tukuna. Diflomar da ake yi a irin su Kwalejin Shari'a ta Aminu Kano ko ta A.D. Rufa'i da ke Misau ba ta ba mutum damar tsayawa gaban alƙali ya kare wani. Sai kin yi digiri, kin wuce makarantar horas da lauyoyi irin ta Bagauda, an rantsar da ke. Aikin da take shirya ki dominsa shi ne na mataimakin lauya, ko akawun kotu, ko magatakarda. Mu ma haka abin yake. Hukumar rajistar ma'aikatan laburare da aka kafa da dokar 1995 digiri take nema, mai difloma jami'in laburare ake kiransa. Dukansu biyun tsani ne, kina iya neman shiga jami'a kai tsaye aji 2 idan sakamakonki ya yi kyau.

Ƙanena ya sha dokar manyan laifuka, dokar shaida, kwangila, tsarin mulki, ga fiƙihun Malikiyya da rabon gado. Amma in kin tambaye shi yau me ke ciyar da shi, zai ce miki darasin tsara takardu, wanda a lokacin suke gudu. Takardar rantsuwa, yarjejeniyar haya, takardar cinikin fili, buɗe fayil, isar da sammaci. Kuskuren harafi ɗaya a sunan wanda ake ƙara yakan sa a ɗaga shari'a. Sai kuma abubuwan da mutanen unguwa ke ƙwanƙwasa masa ƙofa a kansu da daddare: cewa dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, cewa tsarin mulki ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Idan lissafi bai dame ki ba, rabon gado ma kaɗai sana'a ce.

Namu kuwa mutane na zaton kaɗe ƙura ne da cewa yara su yi shiru. Za ki yi tarihin laburare, zaɓen littattafai da sayensu, yi wa mai bincike jagora, adana takardu, da kwamfuta. Ƙashin bayan duka shi ne rarraba littattafai da yi musu kati, wato katin da ke ɗauke da bayanin littafi da lambar inda yake, kuma nan ne aka fi faɗuwa. Za a ba ki tsarin Dewey, wanda wani Ba'amurke ya fito da shi a 1876, ya kasa ilimi gida 10 daga 000 zuwa 900. Kimiyya 500, adabi 800, tarihin Najeriya 966.9, adabin Hausa 893.72. A aji abin kamar haddar jadawali yake, sai ranar da aka zube miki kwali 20 a gabanki.

Ga inda aji bai shirya ni ba. A tsarin nan, gidan addini shi ne 200, amma daga 220 zuwa 280 duk na Kiristanci ne, Musulunci an cusa shi a 297. To ni kusan kanta 3 cike suke da tafsiri, hadisi, fiƙihu da sira. In na rubuta 297 kawai a bayan kowanne, yarinya sai ta wuni ba ta ga abin da take nema ba. Dole na koma na koyi tsawaita lambar bayan ɗigo, abin da malaminmu ya koyar ranar da hankalina ke kan abincin rana. Kada ki yi irin nawa.

Rajistar shigar littattafai ma kada ki raina ta. Wata shekara aka zarge ni da ɓatar da littattafai 40. Rajistar ce ta wanke ni, don kowane littafi na da lambarsa, da ranar da ya shigo, da sa hannun malamin da ya ara bai dawo da shi ba. Shi ya sa nake ce wa ƙanena aikinmu ɗaya ne, shi fayil ni kati.

Gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba, laburaren makaranta maraya ne a wurare da yawa. Na taɓa dawowa hutu na tarar an mayar da rabin ɗakin ma'ajiyar karyayyun kujeru, gara kuma ta cinye kanta guda ta ƙasa. Sau da yawa za a ɗora miki koyar da Turanci a kan aikinki. Sai dai ranar da yarinyar da ba ta iya haɗa jimla ba ta zo tana tambayar ko akwai kashi na biyu na littafin da ta gama, sai ki manta da kujerun.

Shawarata, kafin ki biya ko sisi, ki je kotun majistare ko ta shari'a mafi kusa da ke, ki zauna wuni guda kina kallon akawu, ba lauyoyi ba. Washegari ki je laburaren Murtala Muhammad in a Kano kike, ki roƙi a nuna miki sashen da ake yi wa littattafai kati. Sannan ki duba ko kina da kiredit a adabin Turanci, domin in digirin lauya kike hange, jami'o'i za su tambaye ki shi. Ki faɗa mana sakamakonki na WAEC ko NECO, sai mu san inda za mu ɗora.