Amsa kan ɗaura fitilar silin a tsohon gida

Malam, ka ce kana so ka cire tsohuwar fitilar falonku a Tudun Wada ka ɗaura sabuwa ta ƙarfe, amma da ka buɗe sai ka tarar da wayoyi ja da baƙi da yawa. Na daɗe ina aikin wuta a tsofaffin gidajen Kaduna, kuma abin da nake fara gaya wa kowa shi ne kashe makunnin bango bai isa ba, domin a gidaje da dama nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) aka bi da shi ta makunnin, wayar mai wuta kuwa tana nan da ranta a silin. Kada kuma ka dogara da cewa an ɗauke wuta, tunda ba a sallama kafin a dawo da ita. Ka kashe babban makunni, ka raba janareta da inbata da layin gidan, sannan ka gwada kowace waya da tasta wadda ka tabbatar tana aiki, saboda bolt 230 ya isa ya kashe mutum.

A tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa nutural, kore kuma at, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa idan ta taɓa jikin ƙarfe. Sabuwar fitilarka za ta zo da ruwan ƙasa (mai wuta), shuɗi (nutural), da kore mai ratsin rawaya (at). Sai dai a nan ne akasari ake kuskure, domin ɗaya daga cikin baƙaƙen nan daga makunni take dawowa, wato tana ɗauke da wuta duk lokacin da aka kunna. Wanda ya tattara baƙaƙen duka ya murɗe su wuri ɗaya, da ya danna makunni fis zai ƙone. Don haka ka ɗauki hoton haɗin da wayar salularka, ka sa wa waccan baƙar ta makunni alama kafin ka kwance komai, kuma ka yi haɗin da kwanekta (ɗan abin haɗa wayoyi), ba murɗawa da salatif ba.

Nauyin fitilar a jikin katakon da ke bayan silin zai rataya, bayan ka duba gara ba ta cinye shi ba. Idan silin ɗin na asbesto ne, kada ka huda shi, ƙurarsa tana illata huhu.

Idan ka ga babu wayar at, ka haƙura da ta ƙarfen ka sayi ta roba. Idan kuwa rigar wayar tana marmashewa a hannunka, ka dakata ka kira ƙwararren mai aikin wuta, domin layin ne gaba ɗaya yake buƙatar sauyi.