Majina a kashin zomo

Ka ce ka tarar da wani abu mai yauƙi a ƙasan keji, kamar farin ƙwai, ba ƙwayar kashi a ciki, kana tambaya ko atini ne. Saurara, ɗana. Kashi mai laushin nan da zomo ke lanƙwasawa ya cinye abinsa, wannan lafiya ce, ko yaro ya sani. Wanda ka gani daban ne. Ciki ne ya tsaya da aiki: abinci ya daskare a babbar jakar hanji, bangon hanjin kuma ya yi ta zubo majina ita kaɗai. Ɗaga zomon ka jijjiga shi a hankali kusa da kunnenka, za ka ji ruwa na motsi. Ciki a kumbure, yana cizon haƙora, ya ƙi abinci. Yayayyu ya fi kamawa, 'yan sati 7 zuwa 14.

Ciwon nan ya taɓa ja min asarar da har yau ban huce ba. Wani ma'aikaci ya ɗauki yayayyu 30 a hannuna, bashi, wai sai an yi albashi. Na haɗa masa da buhun harawa kyauta, na ja masa kunne kada ya sauya musu abinci farat ɗaya. Ya je ya gani a waya wai abincin kaji na sa ƙiba da wuri. Ya ɗura musu shi da dusar masara, harawata kuwa akuyarsa ya ba. Zomo in ba ciyawa mai kaushi, hanjinsa ba ya tafiya. Da majina ta fara, maimakon ya neme ni, sai ya faɗa kemis ya sayo amoxicillin ya zuba musu a ruwa, maganin da ke kashe ƙwayoyin da ke narka wa zomo abinci. Ranar kasuwa ya zazzage min gawarwakinsu a gaban jama'a, wai marasa lafiya na sayar masa. Ko sisi bai biya ba, ga ɓata suna. Allah ya isa.

Ku yaran yanzu halinku ke nan, gaggawa da waya. Ware masu ciwon, janye dusa gaba ɗaya, ba su harawa da busasshiyar ciyawa da ruwa mai tsabta, a wuri mai ɗumi. Kai kashin wurin likitan dabbobi ya duba ko koksidiyosis ne, wato ciwon hanji da wata ƙwayar cuta ke jawowa, kada ka ba su magani da ka. Wanda cikinsa ya riga ya yi tauri, da wuya ya tashi.

Kuma gobe ina son gaskiya: wa ya ƙara musu dusa da ba na nan?