Masu Bincike Na Son Ɗibar Jinin Ɗana: Wa Ke Sa Musu Ido?

Tambaya: Masu binciken lafiya sun shigo unguwarmu suna neman ɗibar jinin yara. Sun ce mai unguwa ya yarda, kuma wani kwamiti ya ba su izini. Wane kwamiti ne wannan? Dole ne in ba da ɗana?
Daga wata uwa, Kano

Amsa: Malama, ba dole ba ne. Yardar mai unguwa ƙofar unguwa kawai take buɗe musu, amma batun ɗanki yana hannunku iyaye.

Kwamitin da suke nufi shi ne na ɗa'ar bincike, wanda ake kafawa a asibitocin koyarwa, jami'o'i da ma'aikatun lafiya, ƙarƙashin kwamitin ƙasa NHREC. Mambobinsa ba sa gaza 5, kuma dole a samu wanda ba masanin kimiyya ba a ciki. Kafin a taɓa kowa, sai sun karanta tsarin binciken: jini nawa za a ɗiba, ina za a kai shi, wa zai biya kuɗin magani idan wani ya cutu, kuma ko kuɗin motar da za a bayar ya yi yawan da zai sa talaka ya rufe ido. Izininsu yawanci na shekara ɗaya ne, suna kuma iya dakatar da aikin. Idan gwajin magani ne, sai NAFDAC ma ta amince.

Kanawa sun san dalilin wannan tsauri. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 a 2009.

Inda ake samun matsala yanzu shi ne bibiya: kwamiti ya sa hannu a ofis, sau da yawa ba mai zuwa ya ga abin da ake yi a unguwa. Don haka ki nemi ganin takardar izinin, ki duba kwanan watanta da lambar wayar kwamitin. A karanta miki takardar yarda da Hausa. In dangwala yatsa za ki yi, a samu shaidan da ba ya cikin masu binciken, kuma a ba ki kwafi. Ko kin yarda yau, kina iya janyewa gobe, ba wanda zai hana ɗanki magani a asibiti saboda haka.