Hukuncin Zuba wa Karfasa Magani da Kai Ta Kasuwa Kafin Maganin Ya Sake Ta

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni mazaunin Agege ne, ina kiwon karfasa a tankuna wajen Ikorodu, ina kai wa 'yan sari a Mile 12. Idan zafi ya tsananta sai kifin ya daina cin abinci, ido ya fito ƙulu-ƙulu, gindin fiffike ya yi jini-jini, yana hajijiya a saman ruwa, da safe mu kwashe matattu. Abin da muka tarar ana yi shi ne a sayo ja-da-yalo, wato kafso ɗin nan na kashe ƙwayoyin cuta, a kemis, a fasa a ruwa ko a kwaɓa da abinci. Wasu ma duk mako suke zubawa ko kifin lafiyarsa lau. Da yana aiki, yanzu ko gezau. In mutuwar ta yi yawa sai mu kwashe sauran mu kai kasuwa kafin jari ya narke. Wani abokin sana'a ya ce babu laifi, tunda kifi ko mushensa halal ne. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, abokinka ya riƙe rabin magana ne. Annabi (SAW) ya ce game da teku: "Ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne," kamar yadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, kuma a mazhabar Malikiyya har wanda ya mutu ya taso saman ruwa ana ci. Amma hadisin yana nuna cewa kifi ba ya buƙatar yanka ne. Bai halatta ciyar da mutane abin da zai cuce su ba. Rago ma halal ne, amma ba wanda zai ce a sayar da naman wanda ya ci guba.

Yi wa kifinka magani halal ne, har da lada a ciki, domin hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa akwai lada a kan kyautata wa duk mai rai. Kai ka tsare shi a tanki, saboda haka haƙƙinsa na wuyanka. Matsalar tana wajen yadda kuke yin maganin, kuma a nan sai mun saurari masana, saboda Allah ya ce: "Ku tambayi ma'abuta sani in kun kasance ba ku sani ba" (Nahli: 43).

Alamomin da ka zayyana sun yi kama da aikin bakteriyar da likitocin dabbobi ke kira Streptococcus, wadda ke tashi idan ruwa ya yi ɗumi sosai kuma kifi ya cunkushe. Akwai Aeromonas mai kawo gyambo da kumburin ciki. Akwai kuma wata cutar karfasa da aka fara bayyana ta a 2014, wadda bairos ke haddasawa, ita kuwa ko buhun ja-da-yalo ka juye ba ruwanta. Ido ba ya iya rabe su, sai an kai kifi ɗakin gwaji. To dubi abin da ke faruwa a tankinka. Kifin da ya kamu ya riga ya daina ci, don haka masu lafiyar ne ke cinye abincin da ka kwaɓa. Wanda ka fasa a ruwa kuma ya tsinke, bai kai adadin da zai kashe ƙwayar cutar ba, sai ya kashe raunana ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Abin da ya sa ka ce ko gezau ke nan. Bakteriya kuma suna miƙa wa junansu wannan taurin, har tsakanin jinsi da jinsi. Ranar da ka buɗe bututu ka sallami ruwan tanki zuwa kwata, ya gangara rafi, ya faɗa babban ruwan Legas, da su ya tafi. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi wannan gargaɗi tun 1945, cewa shan maganin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya a 2019 kai tsaye saboda cututtukan da suka bijire wa magani.

A kan wannan nake gina hukunci, da hadisin "Babu cuta, babu cutarwa." Zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta duk mako ga kifin da lafiyarsa lau bai halatta ba ga wanda bayani ya iso masa, domin amfanin naka ne kai kaɗai kuma ba tabbas, cutar kuwa ta jama'a ce, ta faɗa kan mutanen da ba su san da tankinka ba balle su yarda. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce tunkuɗe ɓarna yana gaba da janyo amfani. Magani da ka, ba tare da likita ba, shi ma ka bar shi. A Sunan Abi Dawud an ce wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da shi ba, shi ke da lamuni. Hadisin a kan jinyar mutane yake, amma darasinsa ya ishe mu. Magungunan da hukumomin lafiya suka hana a ba dabbar da za a ci, irin su chloramphenicol mai iya lalata ɓargo ya hana jiki yin jini, haramun ne kai tsaye, ta fuskar cutarwa da ta saɓa wa hukuma a abin da yake maslaha. Ka duba lambar NAFDAC, ka duba ko an rubuta na kifi ne.

Sai maganar kwashewa a kai kasuwa, wadda ita ta fi tayar min da hankali. Kowane maganin dabbobi na kirki yana da kwanakin jira da aka rubuta a jikinsa, waɗanda sai sun cika saurarsa ke fita daga tsoka, kuma ba kowanne ne wutar girki ke kawarwa ba. Wasu ɗalibai sukan kawo mas'alar jallala, dabbar da ke cin najasa, inda aka ruwaito Ibn Umar yana tsare irin wannan kaza kwana uku kafin ya ci. Kamancen na da kyau, amma ba zan dogara da shi ba, tunda magani ba najasa ba ne, kuma Malikiyya ba su haramta naman jallala ba. Hujjar da ba ta da gardama ita ce ta algus. Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce: "Wanda ya yi algus ba ya tare da ni." Ibn Abi Zaid ya faɗa ƙarara a Risala cewa ɓoye aibi ba ya halatta a ciniki. Danshin hatsi hannu na iya gano shi, saurar magani kuwa matar da ke gasa kifi a Obalende ba ta da hanyar gani. Sayar da shi kafin kwanakin su cika haramun ne. Kada ka ce ka gaya wa ɗan sari, domin bayani yana wanke aibin da ke rage kuɗi ne kawai, ba wanda zai cutar da mai ci na ƙarshe ba. Wanda cuta ta kashe ko ya yi gyambo, a binne shi. A Singafo a 2015 mutane da dama sun kwanta da irin wannan Streptococcus bayan cin ɗanyen kifin ruwan daɗi.

Na san jari ne, wataƙila ma na bashi. Ka rage cunkoso, ka rage abinci a lokacin zafi, ka riƙa sauya ruwa, ka tsame matacce da wuri, kada raga ɗaya ta shiga tankin masu cuta ta koma na masu lafiya. Annabi (SAW) ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gangaro da su kan masu lafiya. Ku haɗa kuɗi da maƙwabtanka ku kira likitan dabbobi, in ya rubuta magani a cika adadi da kwanaki.

Abin da ka sayar a baya cikin rashin sani, muna fatan Allah ya yafe. Wanda ka sayar kana sane, ka tuba, ka nemi yafiyar wanda ka sani, ka yi sadaka da gwargwadon abin da aibin zai rage na kuɗin a madadin waɗanda ba za ka iya ganowa ba.

Wallahu a'alam.