Kaki, Jar Dara da Karin Guga: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan karon kusan duka a kan tufafin soja suka faɗo, kuma yawancinsu daga 'ya'ya da jikokin mazan jiya suke, waɗanda suka tashi suna jin tsofaffi na musu kan wane kaki ne ya fi kyau a jiki. Na haɗe masu kama da juna.

Tambaya: Malam, kalmar "kaki" Hausa ce ko ta aro? Kakana ko rigar kore ce, kaki yake ce mata.

Amsa: Ta aro ce, kuma ta sha tafiya kafin ta iso mu. A Farisanci khak ƙasa ce ko ƙura, Urdu kuma ya ƙera khaki daga nan, wato mai launin ƙasa. Rundunar da wani hafsan Ingila mai suna Harry Lumsden ya kafa a Peshawar, cikin Pakistan ta yanzu, a 1846 ita ta fara sa tufafi masu wannan launi, don jar rigar sojan Ingila tana tona asirin mai ita tun daga nesa. Zuwa 1902 kaki ya zama tufafin aiki na sojan Ingila baki ɗaya. Kakanka bai yi kuskure ba. A bakin Bahaushe kalmar ta tashi daga launi ta koma yadi, daga yadi ta koma tufafin, daga tufafin ta koma aikin kansa. Shi ya sa in an ce wane ya tuɓe kaki, ba wanda zai zaci wanka zai shiga. Kakin zuma da kakin da ake tofarwa kuwa rubutu kawai ya haɗa su da ita, ba dangi ba ne.

Tambaya: Me ya sa ake kiran wanda ba soja ba "farar hula"? Babanmu kan ce su ne 'yan jar dara, kuma bai taɓa ganin kayan fareti da suka kai nasu kyau ba.

Amsa: Ai baban naku ya riga ya ba ku rabin amsar. Abin da nake gani shi ne, farar hula ta sami ma'anarta ne daga kishiyarta. Sojan Turawa da jar dara aka san shi, dogarin sarki da jan rawani, sai farar hula ta zama alamar mutumin gari wanda ba shi da bindiga ba shi da bulala. Yau mai baƙar hula ma farar hula ne, mace ma farar hula ce, kuma wannan ba laifi ba ne, haka kalma take girma.

Kayan da yake yabo na rundunar Afirka ta Yamma da Turawa ke taƙaita sunanta da WAFF ne, wadda Lugga ya soma haɗawa a 1897, aka ƙara mata laƙabin sarauta a 1928. Tun kafin ita ma, dakarun da wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara a Legas a 1863 da sunan Hausawa aka san su, kuma Hausa ce ta daɗe tana harshen bariki. Kayan faretin ga yadda suke: riga da gajeren wando na kaki, jar dara mai tuntu da tambarin bishiyar kwakwar manja a gabanta, 'yar jar riga marar hannu mai kama da falmaran da aka bi bakinta da rawaya, sai jar ɗamara a ƙugu. 'Yan igwa tasu falmaran shuɗiya ce. Saja da samanja kuma ana gane su da adon rawayan zare a ƙirjin rigar. A ƙwauri akwai naɗi, wani dogon ƙyalle mai tsawon kusan yadi 3 da faɗin tafin hannu, ana fara shi daga idon sawu a yi sama, kowane zagaye ya hau kan na ƙasa da tazara iri ɗaya, a ɗaure a ƙarƙashin gwiwa. In an matse ƙafa ta yi tsami a tsayuwar fareti, in an sassauta ya warware a tsakiyar maci, kuma duka biyun samanja ba ya yafewa. Bayan samun 'yancin kai a 1960 aka ajiye wannan shiga a Nijeriya, saboda ana ganin ta tufafin mulkin mallaka ce, aka koma koriyar riga mai tsayayyen wuya da hula mai baki.

Af, dara ɗin nan ba darar da ake yi a ƙasa da 'ya'ya ba ce. Na ga wanda ya haɗa su a rubuce, har ya kawo hujja. Allah ya kyauta.

Tambaya: Ita wannan hula mai baki tana da suna a Hausa?

Amsa: Hana-salla. Bakinta yana tokare ƙasa kafin goshi ya isa, ba a iya sujada da ita sai an cire ko an juya. Ƙira ɗaya ce da hana-ƙarya, gashin nan na ƙasan leɓe, da dafa-duka, da ci-rani: aikatau a gaba, abin da aka yi wa aikin a baya, karan ɗori a tsakani. Masu rubuta ta a rabe suna mai da suna ya koma umarni.

Tambaya: Ni tsohon soja ne. A zamaninmu ana auna mutum da karin gugarsa. Jikana ya ce "ƙarin guga" ne daidai, da ƙa mai lanƙwasa. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Ranka ya daɗe, kai ne da gaskiya, kuma ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ƙari da ƙa mai lanƙwasa daɗi ne, a sa wani abu a kan wani: ƙarin albashi, ƙarin girma, ƙarin bayani. Kari kuwa ɗan'uwan karya ne, wurin da aka karya abu ko aka ninke shi. Karin guga shi ne layin da dutsen guga ya bari a inda aka ninke yadi. Karin hula shi ne yadda mutum ya karya hularsa. Karin kumallo karya kumallon safe ne. Karin harshe shi ne yadda mutanen wani yanki ke lanƙwasa harshen. In jikanka ya ce ƙarin guga, to cewa ya yi a sake goge rigar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan kuskuren ya bi mu har cikin sunan fannin da muke magana a kai. Kullum sai ka ga an rubuta "ƙarin magana", har a takardun makaranta. Karin magana magana ce da aka ninke, aka dunƙule doguwa ta koma gajeriya, mai hankali ya warware ta. Ƙarin magana kuwa surutu ne a kan surutu, wato kishiyar abin da ake nufi ke nan. Wasu suna ɗauka duk inda suka ga ka, in sun lanƙwasa ta sun nuna ƙwarewa. Gara wanda na'urarsa ba ta da harafin da wanda yake da shi yana yayyafa shi kamar gishiri.

Tun da jikan bai ga zamanin ba, a gaya masa yadda karin ke tsayawa. Kakin da yadin auduga ne mai kauri, ba ya riƙe kari sai da sitaci. Ana dama garin sitacin da ruwan sanyi tukuna, sannan a kwarara masa tafasasshen ruwa ana juyawa har farinsa ya washe ya yi yauƙi. Wanda ya zuba garin kai tsaye a ruwan zafi gudaji zai samu, su kuma bushe a jikin riga su zama fararen tabo. Sai a sirka, a tsoma rigar a bai-bai, a matse, a shanya ta bushe ƙarau. Kafin guga a yayyafa ruwa a naɗe ta ta yi laushi. Dutsen gawayi in ya yi zafi da yawa sitacin ya ƙone ya bar jan tabo, in bai yi zafi ba ya manne ya yi ta jan yadin. Babban abin kunya shi ne kari biyu a ƙafar wando ɗaya, wanda ke faruwa in ba a daidaita ɗinkin ciki da na waje ba kafin a ɗora dutse. Sitaci in ya yi yawa kuma yadin yakan karye a kan karin, wuyan riga ya goge fata. Maɓallan tagulla da Brasso ake goge su, ana zura wani ɗan faranti mai tsaga a ƙarƙashinsu don kada man ya ɓata rigar da aka sha wahalar gogewa.

Tambaya: Me ya haɗa igiya da anini da muƙamin soja?

Amsa: Ido ne ya raɗa sunayen. Igiya ita ce alamar nan mai kusurwa a hannun riga: ɗaya las kofur, biyu kofur, uku saja. Kurtu da farabiti hannunsu fayau yake. Daga nan aka sami "an ƙara masa igiya" da "an cire masa igiya". Anini kuwa na hafsoshi ne, a kafaɗa yake zama. Asalinsa sunan kuɗi ne, ƙaramin tsaba mai huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida, guda 10 ke yin kobo ɗaya na zamanin Turawa, an fara buga shi a 1907. Da mutane suka ga ɗan ƙarfe mai siffar tauraro a kafaɗar hafsa, sai suka ba shi sunan wanda suka sani a aljihu. Anini ɗaya ƙaramin laftanar, biyu laftanar, uku kyaftin. Manjo a da kambin sarauta yake sawa, yanzu a Nijeriya mikiya ce. Don haka mai cewa an ƙara wa kanar igiya ya sauke shi daga kafaɗa zuwa damtse, bai kuwa sani ba.

Tambaya: Mene ne "kayan sarki"?

Amsa: Tufafin aikin hukuma, na soja ko na ɗan sanda ko makamancinsu. Ba naka ba ne, mai mulki ne ya tufatar da kai, ranar da ka bar aiki ka mayar. Ya fi "yunifom" daɗin faɗa nesa ba kusa ba.

Tambaya: Ina neman ma'anar "soja marmari daga nesa" da "soja birgimar hankaka".

Amsa: Na farkon a fili yake, in ka hango su a jere kaya na ƙyalli sai ka ji sha'awa, in hulɗa ta haɗa ku sai labari ya sauya. Yana kuma cin wanda ya shiga aikin don kaki ya burge shi. Na biyun an gutsure shi ne, cikonsa shi ne kowa ya ga baƙinka zai ga farinka. Hankaka baƙi ne mai farin ƙirji, in yana birgima launukan biyu bi da bi suke fitowa. Ba zagi ba ne kamar yadda wasu ke amfani da shi. Cewa ake yi mutumin da ka ga zafinsa yau, gobe za ka ga alherinsa, kuma da duniya ma ana yin wannan kirarin.

Tambaya: Shin "sojan gona" soja ne da ya yi ritaya ya koma noma?

Amsa: A'a, kada ka kuskura ka faɗa wa tsohon soja haka. Sojan gona shi ne wanda ya sa kakin da ba nasa ba don ya damfari mutane ko ya tsorata su, daga nan ya bazu ga duk mai shiga rigar wani, likitan ƙarya ko lauyan ƙarya. Irinsu aka yi wa zanen aro ba ya rufe katara, don yawanci takalmi ko yadda ya karya hular ke tona shi.

Tambaya: Mahaifina ya je yaƙin Bama, ya ce can aka sauya musu kaki da koren kaya. Akwai sunan Hausa na kakin yanzu mai launi-launi?

Amsa: Gaskiya ya faɗa, 'yata. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda aka kafa a 1943, su suka yi Bama, wato ƙasar Burma, a yaƙin duniya na biyu, kuma launin ƙasa da ke ɓoye mutum a fako fitowa yake yi fili a cikin kurmi, dole aka koma kore. Na yanzu kuwa, kaki mai dabbare-dabbare ko mai roɗi-roɗi ya wadatar a wajen siffa. In aikinsa ake nufi, a ce na sajewa. Ɓad-da-kama ban cika son ta a nan ba, don ita sauya kamanni ce don a ɗauke ka wani, shi kuwa wannan kakin so yake kada a gan ka sam. 

Tambaya: "Rigakafi" daga rigar kariya ta mayaƙa ta samo asali?

Amsa: Babu riga a cikinta. Riga ta rigaya ce, irin ta riga malam masallaci, kafi kuma shingen tsare gari. Rigar mayaƙa sulke ce in ta ƙarfe ce, lifidi in ta auduga ce.

Tambaya: Hular kwano ko kwalkwali, wanne ya dace da hular ƙarfen soja?

Amsa: Duka biyun suna tafiya. Kwalkwali ya girme ta, na barade ne tun zamanin yaƙi a kan doki. Hular kwano bakin bariki ce, kuma duk wanda ya ga irin ta sojan Ingila a yaƙin duniya na biyu, mai faɗin baki kamar an kife tasa, ba zai tambayi dalilin sunan ba.