Tambaya da Amsa: Mu Rubuta Tamu Manhajar Ko Mu Shiga Ta Mutane?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibin fiziks ne ina digiri na biyu, mu huɗu ne a rukuninmu, malaminmu ya samo mana data ta gwajin watsuwar nutron daga wani abokin aikinsa a Turai, shi ne ya ce mu zauna mu tsara manhajar da za mu riƙa tantance ta tare. Ni na ɗan iya Python, ɗaya ya iya MATLAB, sauran biyun Excel kawai suka sani. Don Allah ta ina za mu fara? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'a. Shawarata ta farko ita ce kar ku buɗe kwamfuta tukuna, ku fara buɗe baki, don wannan aikin rabinsa yarjejeniya ce ba rubutun manhaja ba.

Bari na ɗan fayyace wa sauran masu karatu. Nutron wani ɗan ƙanƙanin ɓurɓushi ne da ke cikin ƙwayar zarra. Ana harba shi da yawa kan wani abu ne, ko garin ƙarfe ko batir ko ruwan sabulu ma, sai su yi karo da ƙwayoyin zarra su watse, daga yadda suka watse ake gane yadda ƙwayoyin suke jere da yadda suke motsi. Kan wannan Clifford Shull da Bertram Brockhouse suka ci kyautar Nobel a 1994. To amma abin da na'urar ke ba ka ba zane ba ne mai kyau, a cibiyoyin binciken nutron irin su ISIS na Ingila ko SNS na Oak Ridge a Amurka tarin lissafi ne, wannan nutron ɗin ya faɗa kan ido kaza na na'ura bayan lokaci kaza, haka har miliyoyi. Sai ka cire abin da gwangwanin da aka zuba samfurin ya watsa shi kansa, ka daidaita da awon da aka yi da ƙarfen banadiyam saboda idanun na'urar ba ƙarfinsu ɗaya ba, ka juya lokacin tafiyar nutron ɗin ya koma tsawon zango, wato wavelength, sannan fa ka samu abin da za ka fara tunani a kai.

Wannan matakin na tankaɗe da rairaya, wallahi kar ku ce za ku rubuta shi daga tushe, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Da can kusan kowace na'ura da manhajarta, mai kula da ita ya rubuta yadda ya ga dama, ranar da ya yi ritaya kuwa sai a bar mutane da tagumi. Shi ya sa ISIS suka fara manhajar haɗin gwiwa mai suna Mantid a 2007, Oak Ridge suka shigo a 2010, daga baya ILL da ke Grenoble a Faransa su ma suka sa hannu. Kyauta ce, kodinta a buɗe yake kowa na iya gani, an gina ta da C++ amma da Python ake sarrafa ta, ka ga kai har ka samu ƙofar shiga. In datar taku ta samfurin da aka niƙa ya zama gari ce ana neman tsarin jerin ƙwayoyi, akwai FullProf da GSAS-II masu amfani da hanyar lissafin da ake kira Rietveld, in kuma ta ƙaramar kusurwa ce, wato nutron ɗin da suka ɗan karkace kaɗan kawai, ku duba SasView.

Abin da ya rage muku shi ne ɗan abin da zai ɗinke waɗannan wuri guda, kuma a nan ake rigimar. Ku fara tambayar wanda ya aiko datar, ɗanya ce ko an riga an tace, kuma daga wace na'ura. In sunan fayil ɗin ya ƙare da nxs to NeXus ne, tsarin da yawancin cibiyoyin suka amince da shi, a kan tsarin ajiye data na HDF5 aka gina shi, ciki har zafin samfurin da yadda aka saita na'ura ana ajiyewa, don haka 'yan Excel su yi haƙuri kar wanda ya kwafe lambobi zalla ya watsar da sauran. Na taɓa ganin wasu ɗalibai biyu sun kusa sati uku suna musu kan wani tudu a jikin zane, wannan ya ce nan yake wancan ya ce a'a, har an fara zargin samfurin ya lalace, ashe ɗaya da angstrom yake lissafi ɗaya da nanomita, duka ma'aunan tsawo ne, bambancin ninki goma ne kawai kuma babu wanda ya rubuta ma'auninsa a kan fayil. Ku rubuta ma'aunai a takarda ɗaya tun ranar farko kowa ya gani.

Sai ku tsaya kan yare ɗaya, ni dai Python zan ce saboda Mantid, mai MATLAB zai ɗan kumbura baki na kwana biyu ya saba. Ku zuba komai a Git, manhajar da ke ajiye tarihin duk gyaran da aka yi wa kodi, ban da tura fayil ta WhatsApp ana sa masa suna na ƙarshe, na ƙarshen ƙarshe. Ku ware data ƙarama guda ɗaya wadda kun san amsarta, duk wanda ya taɓa kodin ya sake gwada ta kafin ya tura. Kuma ku tambayi malaminku a fili, in kun gama kun watse wa zai riƙe abin.

TAMBAYA: Malam, ba za a iya irin wannan gwajin da na'urar nukiliyar da ke Zariya ba? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: 'Yar'uwa, NIRR-1 da ke Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fara aiki a 2004, ƙarfinta wajen kilowat 30 ne, aikinta gano sinadaran da ke cikin ƙasa ko duwatsu ko abinci. Ta ILL kusan megawat 58 ce, kin ga akwai tazara, ta Zariya ba don irin wannan gwajin aka yi ta ba. A Afirka SAFARI-1 ta Afirka ta Kudu mai megawat 20 tana da na'urorin irin wannan gwajin. Amma tantance data ba ya buƙatar ki je ko'ina, ISIS da ILL suna sakin datar gwaje-gwaje ga jama'a bayan kamar shekara uku, in kina da laftof da intanet za ki iya saukewa ki fara koyo da ita.